Wai tsoho ba ya kallon wasa?

To, na ga hoton, na kuma ga abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Kwana biyu ina danne zuciya, yau dai na gaza. Wai dattawanmu na unguwannin Shara Mansur da Misfala a Makka sun "ci amanar furfura" don sun haɗa kuɗi sun ɗauki mota zuwa Riyad kallon bikin wasan kwaikwayo. Ci amanar furfura! Sannu da aiki, Malam mai gadin furfurar jama'a, Allah ya ƙara basira.

Babana yana cikin hoton nan, shi ne na layin baya da ya naɗe wuya da shimagi, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a ka, saboda sanyin Disamba. Shekara 34 yana koyar da lissafi, alli ya cinye masa maƙogwaro. Tun da ya ajiye aiki, duniyarsa ta koma gida, masallaci, layin karɓar maganin suga, a dawo gida. Kai da kake rubutu, sau nawa ka ƙwanƙwasa masa ƙofa ka ce Baba yaya jiki? Ko sau ɗaya. Amma ranar da ya yi dariya a bainar jama'a, ranar ka tuna da shi.

Ritaya ba mutuwa ba ce. Takardar da aka ba su ta sallama daga aiki ce, ba likkafani ba. Mutanen nan tsohon malami ne, tsohon direba, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, waɗanda suka ƙarar da ƙarfinsu wajen hidimar alhazai shekara da shekaru a zafin Mina. Yawancinsu ƙuruciyarsu ta wuce ne a lokacin da babu ko gidan sinima a ƙasar nan ta Saudiyya, sai a 2018 aka sake buɗewa bayan shekara 35. Hukumar kula da wasan kwaikwayo ma a 2020 aka kafa ta, bikin Riyad ɗin kuwa a Disamban 2023 aka fara shi, a ɗakin taron Jami'ar Gimbiya Nura. Ya'ani abin da kai ka tashi ka tarar a banza, su sai da gwiwa ta fara ciwo ya zo. Yanzu kuma ka ce su zauna su jira me?

Wai gara su riƙe carbi. Carbin yana aljihunsu, ɗan'uwa, da shi suka tafi, da shi suka dawo. Mutanen da ke sallar asuba a Harami tun kafin a yanke maka cibiya, kai za ka koya wa tanadin lahira? Wai kuɗin da an yi sadaka da shi. Kuɗin fanshonsu ne. Naka na canjin waya duk shekara wa ya ƙirga maka? Wai tafiyar ta yi nisa ga tsofaffi, kusan kilomita 900. Kakannin waɗannan mutane da ƙafa suka taso daga Kano da Sakkwato, suka ratsa Barno da Sudan, wasu sai sun shekara bakwai a hanya suna noma suna ƙara gaba kafin su hau jirgin ruwa a Sawakin. Jikokinsu ne mota mai sanyi za ta gagara?

Kuma don Allah a daina yi kamar wasan kwaikwayo baƙon abu ne. Tashen da yara ke yi daga goma ga azumi, ana kwaikwayon tsoho da malami da gwauro, mene ne shi? Kakata har ta rasu in ta tuna tashen ƙuruciyarta sai ta yi dariya da hawaye. A kan hanyarsu ma sun wuce ta gefen Ɗa'ifa, ƙasar Ukaz, tsohuwar kasuwar Larabawa, inda mawaƙi Nabiga ke zama yana alƙalancin mawaƙa, inda mawaƙiya Hansa'u ta tsaya gaban jama'a ta rera baitocinta. Nan ma sai a je a rubuta musu sharhi.

Zan faɗi gaskiya, ni ma da farko na so in hana Babana tafiyar. Na ji tsoron jikinsa. Amma daren da suka dawo, mutumin da kan yini bai furta kalma goma ba ya zauna a tsakar falo yana kwaikwayon wani ɗan wasa, har da tafiyarsa, jikoki suna birgima. Inna ta kalle ni ta ce rabon da ta ji muryarsa haka tun yana aiki. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ban so su ga idona ba. Ritaya ba mutuwa ba ce, mu ne muke binne su da rai, mu ajiye su a lungu da shayi da rimot, mu ce ai girmamawa ce.

Af, tun da ana maganar motar: wanda ya ɗauki filas ɗin Gwaggo mai ruwan toka a wurin hutawar da aka tsaya sallar la'asar, ya taimaka ya dawo da shi. Ta ce shayin ta yafe, har da citta da kanumfarin ciki. Filas ɗin ne tsarabar marigayi, kuma tun jiya ni take kira kamar ni na tuƙa motar.