Yarintar 1950 da ake tallatawa a Amurka, da yaran da aka cire daga hoton

A watan Yulin 2025 Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka, wadda jami'anta ke farautar baƙin haure, ta sa wani zane a shafinta na sada zumunta: yara 'yan makaranta da safe a wani ƙaramin gari, tuta na kaɗawa, an haɗa da kiran a kare ƙasar haihuwa. Gidauniyar iyalan marigayin da ya yi zanen ta fito ta ce ba da yawunta ba. Wannan ɗaya ne kawai daga cikin abin da ya cika intanet yanzu. Kullum sai ka ci karo da bidiyon da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa na unguwannin gefen birni a shekarun 1950, uwa tana ɗaga wa yara hannu daga baranda, matasa sun kewaye kantar askirim, kowa fes. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne har wasu matasanmu suna yaɗa su a Facebook da TikTok suna yabawa, alhali da su ne suka je ƙofar wannan kanti a wancan zamani, da ko kujera ba za a ba su ba.

Ba ni da rigima da tsohon da ke tuna yarintarsa. Abin da yake tunawa ya faru. Tsakanin 1946 da 1964 an haifi yara wajen miliyan 76 a Amurka, kuma da yawansu sun tashi a sababbin unguwannin da aka yanka a gonaki. Yaro ya hau keke ya tafi makaranta ba mai rakiya, ya jingine shi a bango ba kwaɗo. In an tashi sai a zarce shagon sayar da magani na bakin titi, don a wancan lokaci a nan ake da doguwar kanta da kujeru masu juyawa, ana haɗa lemo da askirim, ga akwatin kiɗa da ake jefa wa kwabo ya saki faifai. Ranar Asabar silima, ko wurin ninkaya na unguwa in zafi ya yi. Da dare iyali su cika mota su tafi silimar fili, wadda ake kallo daga cikin mota da 'yar lasifika rataye a taga; a 1958 irinsu sun haura 4,000 a ƙasar. Doka ɗaya ce a gida, in fitilun titi suka kama a dawo. Wanda ya yi irin wannan yarinta dole ya yi kewarta, kuma ba wanda ya isa ya hana shi.

Rigimata da masu sayar da wannan kewa ce, waɗanda suka mayar da ita jarin siyasa. Donald Trump da bakinsa ya faɗa wa jaridar New York Times a 2016 cewa ƙarshen shekarun 1940 da shekarun 1950 suna cikin lokutan da yake nufi in yana maganar ɗaukakar Amurka. To, wa ya gina waccan yarinta?

Gwamnati ce ta gina ta, da kuɗin haraji. A 1944 aka yi dokar da ta ba sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu damar karatu a aljihun gwamnati da lamunin gida wanda gwamnati ta tsaya masa. Hukumar gidaje ta tarayya, wadda aka kafa a 1934, ita ce ta sa bankuna suka yarda su ba ma'aikacin masana'anta bashin shekara da shekaru. Da wannan ne William Levitt ya sayi gonakin dankali a Long Island kusa da New York, ya gina gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, aka sa wa wurin Levittown. Ya rarraba aikin gini kashi-kashi, masu zuba daɓe su wuce, kafintoci su biyo, masu fenti su rufe, har gida ya sauko ƙasa da dala 8,000. A 1956 Shugaba Eisenhower, ɗan jam'iyyar Republican, ya sa hannu kan dokar gina manyan tituna masu tsawon mil 41,000, su ne suka haɗa waɗannan unguwanni da wuraren aiki. A lokacin harajin da ke kan kuɗin shigar manyan attajirai ya kai kashi 91 cikin ɗari a matakin ƙoli, kuma kusan ma'aikaci ɗaya cikin uku yana cikin ƙungiyar ƙwadago. Shi ya sa albashin uba ɗaya ke riƙe gida. A haɗa da cewa yaƙi ya rusa masana'antun Turai da Japan, Amurka ta ci kasuwar duniya kusan ita kaɗai.

Yanzu a dubi masu riƙe da hoton. Su ne masu rage wa attajirai haraji. Su ne masu karya ƙungiyoyin ƙwadago. A watan Maris na 2025 Trump ya sa hannu kan umarnin fara wargaza Ma'aikatar Ilimi ta tarayya. Suna son hoton makarantar, ba sa son biyan kuɗin da aka gina ta da shi. Wannan yaudara ce tsagwaronta.

Amma ɓangaren da ya fi muni shi ne wanda aka yanke daga hoton da gangan. A takardar hayar gidajen Levittown na farko akwai sharaɗi a rubuce cewa ba a yarda wanda ba farar fata ba ya zauna a gidan, sai dai in ɗan aiki ne. Kotun Ƙoli ta yanke a 1948 cewa kotuna ba za su tilasta irin wannan sharaɗi ba. Aka goge rubutun, aka ci gaba da ƙin sayarwa. A 1953 garin yana da mutum wajen 70,000, babu baƙar fata ko ɗaya. Sojan da ya yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da mai gidan, in fatarsa baƙa ce, sai dai ya hango daga titi. A 1947 an duba lamunin gida da gona da kasuwanci sama da 3,000 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji a biranen Mississippi, biyu kacal suka je hannun baƙaƙe.

A watan Agustan 1957 William Myers, tsohon soja baƙar fata, da matarsa Daisy suka sayi gida a wata Levittown ta biyu da ke Pennsylvania. Dare bayan dare jama'a suna taruwa a ƙofar gidan suna ihu, aka yi jifa aka fasa taga, aka ƙona gicciye a unguwar, ga ƙananan yara a cikin gida. Masu jifan nan maƙwabta ne, iyayen yaran da ke hawa keke ne. Wata ɗaya bayan haka sai da Eisenhower ya tura sojoji Little Rock kafin ɗalibai baƙaƙe tara su shiga makarantar sakandare, shekara uku bayan kotu ta haramta raba makarantu bisa launin fata a 1954. A 1960 Ruby Bridges, yarinya baƙar fata, tana da shekara shida jami'an tsaron tarayya ke raka ta firamare a New Orleans, ta ratsa ta cikin manya masu zaginta. Iyaye fararen fata suka kwashe 'ya'yansu, ta yi shekarar karatu ita kaɗai a aji da malama ɗaya. Tana raye har yau. Sa'ar masu kewar nan ce, kuma ita ma wannan ce yarintarta ta makaranta.

Kantar askirim ɗin ma fa? Ranar 1 ga Fabrairun 1960 ɗalibai huɗu baƙaƙe suka zauna a kantar abinci ta shagon Woolworth a Greensboro suka nemi kofi, aka hana su, suka ƙi tashi. A 1959 hukumomin Montgomery sun gwammace su rufe wuraren shaƙatawar birnin, har da wurin ninkaya, da su bari yara baƙaƙe su shiga. Mu ma nan Afirka abin ya taɓa mu kai tsaye. A watan Oktoban 1957 ministan kuɗin Ghana, Komla Gbedemah, ya tsaya a gidan abinci na Howard Johnson's a Dover ta jihar Delaware ya nemi ruwan lemo, aka ce ba zai sha a ciki ba. Sai da Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a Fadar White House don a wanke kunya. A 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana hanyar Washington don miƙa wa Shugaba Kennedy takardunsa, aka hana shi kofi a wani gidan abinci na bakin hanya a Maryland. In minista da jakada sun sha haka, ina ga yaron unguwa?

Masu cewa kowane zamani da laifinsa, a bar mutane su ji daɗin tunaninsu, sai su fara gaya wa ma'aikatar da ta ɗauki wannan tunani ta manna wa aikin korar mutane. An kuma fi shekara ashirin ana raba gidaje bisa launin fata kafin dokar 1968 ta haramta, kuma gidan da aka saya dala 8,000 yau 'ya'ya da jikoki ke cin gadonsa da dubban ɗaruruwan daloli. Waɗanda aka hana saye ba su bar wa nasu komai daga wannan arziki ba. Wannan ba tsohon labari ba ne.

Ko su yaran fararen fatar, ba duk zuma suka sha ba. Ana koya musu shiga ƙarƙashin benci a aji saboda tsoron bam ɗin nukiliya. A 1952 cutar shan inna ta kama mutum kusan 58,000, ta kashe sama da 3,000, iyaye suna hana yara zuwa ninkaya da silima in zafi ya shigo. Allurar rigakafin Jonas Salk ta 1955 ce ta mayar da yara dandali, aka jera su layi a makarantu ana yi musu. Mu da muka san shan inna a gidajenmu mun san darajar wannan. Amma a Satumban 2025 hukumomin Florida suka sanar cewa suna son soke wajabcin rigakafi ga 'yan makaranta, kuma masu tafa musu su ne dai masu kewar 1950.

In da gaske ana son yaro ya sake hawa keke zuwa makaranta ya samu inda zai zauna da abokansa bayan an tashi, hanyar ba ɓoyayya ba ce: a gina gidaje masu araha, a zuba kuɗi a makarantun gwamnati da wuraren wasa, a buɗe ƙofa ga kowa. Su kuma matasanmu, kafin su sake tura irin wannan bidiyo, su nemi hoton Ruby Bridges tana saukowa daga matakalar makaranta tsakanin jami'an tsaro, su sa shi kusa da shi su kalla tare.