Minti biyu da daƙiƙa takwas

Ɗakin karatun unguwarmu a Shikago yana da wasu ƙananan ɗakuna na gilashi a bene, sai ka yi rajista ta intanet kafin a ba ka ɗaya, kuma da ƙa'idar lokaci ake ba ka. Da zarar lokacinka ya cika za ka hango na bayanka tsaye a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa, ba sallama, ba magana, agogon hannunsa kawai yake kallo. A irin wannan ɗaki muke haɗuwa ranar Asabar, mu masu shirin jarrabawar GMAT ta shiga karatun MBA, wato digiri na biyu a fannin kasuwanci. Kowa da kofin kofinsa mai murfi, kowa da wayarsa a kife a kan tebur tana ƙirga daƙiƙoƙi, rigunan sanyi a jibge a kan kujera ɗaya kamar an zo sayar da su. A nan ne wani yaro, wanda na tabbata na girme shi nesa ba kusa ba, ya leƙa takardata bayan mun gama gwajin lissafi, ya ce cikin tausayawa wai ya lura mutanen da suka yi makaranta a Afirka tushensu na lissafi ne ke da rauni, in nemi littafin 'yan sakandare in faro daga can.

Tambayar da ya leƙa ɗin nan na ci ta. Shi ya faɗi ta. Bambancin kawai, ni ta ci mini kusan minti biyar, shi kuwa ya kalle ta, ya ga ba tasa ba ce, ya canki amsa ya wuce. A ƙarshen gwajin makinsa ya fi nawa. Abin ya tsaya mini a rai, domin raini ne da aka naɗe cikin taimako, kuma lambobin da ke kan allo suna bayansa.

Ga wanda bai san tsarin ba: hukumar GMAC ce ke da jarrabawar, kuma tun Nuwamban 2023 ta fito da sabon salo, tsohon ya yi bankwana a ƙarshen Janairun 2024. Yanzu sassa uku ne, kowanne minti 45. Sashen lissafi tambaya 21, sashen fahimtar rubutu da hujja tambaya 23, sashen nazarin bayanai tambaya 20. Jimillar maki daga 205 zuwa 805, kowane sashe kuma daga 60 zuwa 90. Raba minti 45 gida 21, za ka samu minti biyu da daƙiƙa takwas ga kowace tambayar lissafi, kuma ba kalkuleta. Sai a sashen bayanai ake ba ka kalkuleta a kan allon kwamfuta. Sun ma cire tambayoyin kusurwoyi da da'ira daga sashen lissafi, abin da ya rage lissafin yau da kullum ne da aljabara: kaso cikin ɗari, rabo, gudu da tazara, matsakaici, lambobin da ba sa rabuwa. Wallahi babu abin da ɗan aji biyar na sakandare a gida bai gani ba.

To ina raunin tushen yake? Mu da aka tasa da haddar jadawalin sau tun muna firamare, muka yi dogon rabawa da hannu har yatsa ya yi kanta. Na ga 'yan nan da idona suna laluben waya don su san kashi 15 cikin ɗari na kuɗin abinci. Ƙannenmu na yanzu tambaya 180 suke amsawa cikin awa biyu a JAMB, wato daƙiƙa arba'in kowace tambaya. Wanda ya ƙetare wannan ba za a ce masa bai san sauri ba.

Abin da ba a koya mana ba shi ne sakin tambaya. A lissafin WAEC na rubutu kun san yadda ake yi, ka nuna aikinka layi bayan layi, ko amsar ƙarshe ta kuskure hanyar da ka bi tana da maki. Mun tashi da cewa barin tambaya a tsakiya abin kunya ne. GMAT kuwa ba ruwanta da hanyarka, allon da aka ba ka na zane ma goge shi za a yi. Sannan jarrabawar tana bin sawunka: ka ci tambaya, ta miƙo maka wadda ta fi ta wuya, ka faɗi, ta sassauta. Ma'ana an gina ta ne domin ta kai ka inda za ka fara faɗuwa, kowa kuma yana da wannan wurin. Ba ka da ikon tsallake tambaya ka bar ta fanko, dole ka zaɓi amsa kafin ta gaba ta fito. Idan kuma lokaci ya ƙare da sauran tambayoyi a gabanka, ana rage maka maki saboda su. Ka ga ke nan wanda ya kashe minti biyar a tambaya ta shida ya ci ta, da tambaya ɗaya ko biyu na ƙarshe ya biya kuɗinta. Garin neman gira a rasa ido.

Sai na yi adalci, yaron nan ya san wannan, kuma akwai hikima a ciki. Makarantun kasuwanci suna neman wanda zai iya yanke shawara da bayanai marasa cika, ya san inda zai zuba lokacinsa da inda zai haƙura. Na yarda. Amma kada a kira shi ilimin lissafi, horo ne, kuma horon da ake saye. Yaran nan tun suna sakandare suke zama jarrabawa irin ta SAT, ta shiga jami'a a Amurka, da agogo a gabansu, iyayensu na biyan masu koya musu dabarun canka.

Dabarun kuma ba asiri ba ne, ga su nan. Na farko, kada ka riƙa duba agogo bayan kowace tambaya, zai cinye maka hankali. Ka kafa tasha biyu: idan ka gama tambaya ta 7 ya kamata saura minti 30, idan ka gama ta 14 saura minti 15. Ka iso tasha a makare, to tambaya mai wuya ta gaba ba taka ba ce, kawar da amsoshin da ka tabbata ba su ba ne, zaɓi ɗaya, yi gaba. Sabon salon ya ba da damar sa wa tambaya alama, idan ka gama sashe da sauran lokaci ka koma ka duba, amma amsa uku kacal za ka iya canzawa a kowane sashe. Wannan damar ita ce maganin zuciya irin tamu da ba ta son barin abu: ka ce mata za mu dawo, ko da ba za ku dawo ba.

Na biyu, amsar tana gabanka cikin zaɓi biyar, ba sai ka haife ta ba. Idan aka ce an ƙara wa farashi kashi 20 cikin ɗari sannan aka rage kashi 20, kada ka fara jera x da y. Ɗauki 100, ya zama 120, cire kashi 20 na 120 wato 24, saura 96. An yi asarar kashi 4, daƙiƙa ashirin sun isa. Idan aka tambaye ka lambar ƙarshe ta 7 da aka ninka da kanta sau 43, ba wanda yake so ka ninka. Lambobin ƙarshe suna zagayawa ne, 7, 9, 3, 1, su sake komawa. Raba 43 da 4, saura 3, amsa ita ce ta uku a jerin, wato 3. Idan aljabarar ta cukurkuɗe, ɗauki amsar tsakiya cikin zaɓin ka gwada ta a tambayar, ta yi yawa ka sauka, ta yi kaɗan ka hau. A ajinmu na da, malami zai ce wannan satar hanya ce. A nan ita ce hanyar.

Akwai kuma wani nau'in tambaya da yanzu aka mayar sashen bayanai, wanda ya fi kowanne kama irinmu. Ana ba ka tambaya da bayani biyu, abin da ake so ka faɗa shi ne ko bayanin ya isa a amsa ko bai isa ba. Misali, shin x ya fi sifili? Bayani na ɗaya: x sau x ya ba da 9. Na biyu: x sau x sau x ya ba da 27. Na ɗaya bai isa ba, domin x zai iya zama 3 ko 3 mai ɗebewa. Na biyu ya isa shi kaɗai. Shi ke nan, ka gama. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin ya warware komai har ƙarshe, sai ka riƙe shi.

Na uku, littafin kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi, da wadda ka ci amma ta wuce minti uku, ka rubuta ta da dalili: ban san ƙa'idar ba, ko ban karanta da kyau ba, ko na bi doguwar hanya. Bayan ɗan lokaci za ka ga kurakuranka ba su da yawan iri, suna maimaita kansu ne. Ka yi aiki da tambayoyin GMAC na asali, akwai cikakken gwaji biyu kyauta a shafinsu, kada ka ƙona su tun farko. Ka zauna musu kamar ranar gaske, ba tsayar da agogo, ba ɗaga waya, ka zaɓi jerin sassan da za ka bi, tunda an bar maka zaɓi, da inda za ka sa hutunka na minti goma.

Ranar gasken ma wani abin kallo ce. A cibiyar jarrabawa sai an duba fasfo, an ɗauki hoto, an sa ka juye aljihu, agogon hannunka da wayarka su tafi cikin loka. A ba ka wasu takardu masu santsi da alƙalami mai ruwa, a zaunar da kai a wani ɗan lungu tsakanin katako biyu, kamara a samanka, ba abin da kake ji sai ƙarar maɓallan maƙwabcinka. Dala 275 ake biya a nan Amurka kafin a bar ka ka shiga lungun nan. Ka so sakewa, sai ka jira kwana 16 ka sake biya, kuma ba ka wuce sau biyar cikin wata 12. Wanda yake da kuɗi zaman farko gwaji ne a wurinsa. Wanda dangi suka haɗa masa kuɗin, ko yake canjin naira zuwa dala, da nauyin mutum goma yake shiga, ta yaya hannunsa ba zai yi rawa ba wajen sakin tambaya? Wannan ba ya fitowa a maki, kuma masu maganar rauni ba sa lissafa shi.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. A gida idan mutum ɗaya ya gane wani babi, kafin dare duk ajin sun gane, a tsaye a jikin allo zai yi ta bayani har muryarsa ta dushe, ba wanda ya yi zancen biya. A nan kowa makinsa sirri ne, ka tambayi mutum yadda ya yi wata tambaya ya turo maka adireshin bidiyo, ko ya ce ku sa rana a kalanda. Suna da kirki, ban ce ba su da shi ba, amma kirki ne mai awo. Wani lokaci ina zaune cikin gilashin nan sai in ji ina kewar hayaniyar ajin dare, da wanda zai ƙwace biro daga hannuna ya ce kai, kawo in nuna maka.

Ku na gida da kuke turo mini tambayoyi ta WhatsApp, ku ci gaba da turowa. Idan na yi jinkirin amsa ku tuna kuna gabanmu da awa shida, lokacin sanyi kuma bakwai. Sai dai daga yau duk wanda ya turo tambaya ya rubuta mini a ƙasanta minti nawa ta ci masa, in ba haka ba ba zan duba ba.