Don Allah a daina sayar wa 'yan gwangwan tsofaffin injinan Lista

Jama'ar Gombe, akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tsofaffin injinan niƙa da muka taso muna jin bugunsu a unguwanni, masu shan dizal, waɗanda ake kira Lista, yanzu fasa su ake yi da guduma ana auna wa 'yan gwangwan a kilo. Mai inji ya rasu, magada su ga ƙarfe jibge a zaure yana tsatsa, sai a kira mai kura. Wallahi asara ce, domin injin da aka fasa ɗin zai iya ba gida ko shago wuta na shekaru masu yawa.

Kamfanin R.A. Lister da ke garin Dursley a Ingila ne ya ƙera samfurin da ake ce wa CS, tun wajen 1930, kuma bai daina ba sai 1987. Har gobe ana kwaikwayon ƙirarsa a Rajkot ta ƙasar Indiya, shi ya sa kayan gyaransa ba su ɓata ba. Shi kansa kamfanin ya riƙa haɗa shi da janareta yana sayar wa gidajen gona da wuta ba ta kai ba. Ke nan ba sabon abu nake kawowa ba.

Sirrinsa yana cikin rashin gaggawa. Mai silinda ɗaya, ƙarfin doki 6, yana juyi 650 ne kacal a minti. Ƙaramin janaretan fetur da muke saye a kasuwa kuwa juyi 3000 yake yi. Wanda ke tafiya a hankali da wanda ke sheƙa gudu dare da rana, wa zai riga wani gajiya? Ba shi da fulogi, ba ya neman batir. Ruwan da ke sanyaya shi a durom yake, mai zafi ya hau sama, mai sanyi ya sauko da kansa, babu famfo.

Na tsaya na ga yadda wani dattijon bakanike a wajen Tudun Hatsi yake tayar da nasa. Ya ɗage ɗan ƙarfen da ke sakin matsi, ya zura hannun juyawa, ya yi ta murzawa har manyan ƙafafun ƙarfe biyu masu nauyi da ke gefen injin suka ɗauki gudu, sannan ya sake shi. Sai ka ji tuf, tuf, tuf, a natse, har kana iya ƙirgawa. Na ce, "Baba, wa zai gaje ku a wannan aiki?" Ya ce yara duk sun koma gyaran waya da babur. Wannan amsar ta fi fasa injin ci mini rai, don in masu ilimin suka ƙare, ko injin na nan ya zama gwangwan.

Haɗa shi da kan janareta, wato ɓangaren da ke samar da wuta, ba wani tsafi ba ne, amma akwai lissafi. Irin kan da aka saba haɗawa da shi yana buƙatar juyi 1500 a minti kafin ya ba da irin wutarmu, saboda haka sai a sa bel da fuli da zai sa ya juya sau biyu da ɗan ɗoriya a kowane juyin inji. In lissafin ya kuskure, firiji da famfon rijiyar burtsatse ne za su ɗanɗana. In ya yi daidai, za a samu kilowat 2 da rabi zuwa 3, wanda ya ishi shagon tela, ko mai sayar da ƙanƙara, ko masallacin unguwa.

Na san abin da za ku ce: dizal ya yi tsada, ga sola ta zo. Gaskiya ne, kuma ni ba na faɗa da sola. Amma ku tuna Oktobar 2024, lokacin da yawancin Arewa ta kwashe kwanaki a duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Batiran mutane nawa ne suka iya riƙe firiji har asuba? Sola da rana, Lista na 'yan awoyi da dare yana cika batir yana ɗaukar kaya masu nauyi, wannan haɗin ya fi dogaro da ɗaya.

Yana da nasa aibi. Nauyi gare shi, dole a zuba masa kankare a ɗaure shi. Ƙwan lantarki kan ɗan yi rawa saboda tazarar bugunsa. Sannan bel ɗin nan ba ya wasa: ya kama babbar riga ko mayafi, sai dai Allah ya kiyaye. Duk wanda zai kafa shi ya kewaye shi da waya, ya hana yara kusanta, ya fitar da hayaƙin waje.

Roƙona ga magada shi ne, kafin ku kira mai sikeli, ku kira tsohon bakanike ya duba fiston da nozul tukuna. Makarantunmu na koyon sana'a a Gombe da Kumo da Bajoga su ma su sayi ko guda ɗaya, su ɗauko dattawan nan su koyar tun suna da ƙarfin murza hannun. Wanda ya san inda wani injin yake ajiye a unguwarsu, ya sanar da ni, akwai matasa biyu a layinmu da suke son koyo.