Waƙar da ta maƙale a ta biyu ba ta faɗi ba

A nan Ingila, duk Juma'a sai an fitar da jadawalin waƙoƙin mako, kuma ido na kan wadda ta zo ta ɗaya. Ni dai a ganina wannan ma'aunin mako guda yake aunawa kawai. Bai san ingancin waƙa ba.

A 1981 waƙar "Vienna" ta ƙungiyar mawaƙa Ultravox ta yi mako huɗu cur a ta biyu. Mako ɗaya John Lennon ya tare mata hanya, ba a daɗe da kashe shi ba, jama'a na cikin jimami suna ta sayen faifansa. Sauran ukun kuwa wata waƙar barkwanci ce ta Joe Dolce ta danne ta. A lokacin faifan da aka sayar a shaguna kaɗai ake ƙirgawa, don haka duk abin da ya ja kasuwa a kwana bakwai ɗin nan shi ne sarki.

Amurka ta sha bamban. A wancan lokacin jadawalinsu na Billboard yana haɗa ciniki da yawan sanya waƙa a gidajen rediyo, su kuma 'yan rediyo in sun riƙe waƙa ba sa saki da wuri. Shi ya sa "Waiting for a Girl Like You" ta Foreigner ta shafe mako goma a ta biyu daga ƙarshen 1981, tara daga ciki a bayan waƙar "Physical" ta Olivia Newton-John. Ƙungiyar Creedence Clearwater Revival kuwa sau biyar suna zuwa na biyu, ba su taɓa hawa saman ba.

Wadda ta fi taɓa min zuciya ita ce "Last Christmas" ta Wham!. A 1984 a jadawalin Ingila, waƙar Band Aid ta neman agajin yunwar Habasha ta sha gabanta, kuma George Michael, mawaƙin Wham!, na cikin waɗanda suka rera waccan ɗin. Sai da aka fara lissafa sauraro ta intanet a 2014, sauraro ɗari a matsayin faifai ɗaya, sannan ƙofa ta buɗe mata. Ta hau ta ɗaya a farkon Janairun 2021, bayan shekara 36, mai waƙar ya riga ya rasu.

A gida kuwa ba wanda ke jiran Juma'a. Waƙa tana nan da rai matuƙar ana kaɗa ta ranar kamu mata su miƙe, ko direban mota ya maimaita ta daga Kano har Zariya fasinja ba su ce a canja ba. Wannan awon na fi yarda da shi, don shekaru yake ɗauka kafin ya yanke hukunci.