Majinyaci amana ne a hannunka

Ƙannena masu burin zama likitoci, yau da ku nake.

Ɗazu na ci karo da wani hoto da ya tsaya min a rai. Matashi ne mai aikin sa kai a ƙaramin asibiti, ya sha farar riga, yana murmushi. A bayansa wata tsohuwa ce kwance ana yi mata ƙarin ruwa, mayafinta ya zame, ba ta ma san ana ɗauka ba. Mutane sai yaba masa suke yi. Inna lillahi.

Wallahi ina ƙaunarku. Kuna sadaukar da hutunku, ba sisi ba kwabo, kuna auna hawan jini, kuna nemo wa mutane kati, kuna riƙe yaro a yi masa allura. Allah ya saka muku da alheri. Amma ɗan'uwa, wa ya ba ka izinin ɗaukarta? Da mahaifiyarka ce a gadon nan, za ka yarda? Ciwo ne ya ci ƙarfinta har ta bari baƙo ya ga abin da take ɓoye wa 'ya'yan cikinta.

Kuma hoton ma ƙarami ne a kan abin da baki ke yi. "Kun san wa aka kawo yau?" Daga nan sakamakon gwajin wance ya fita. Wane yana karɓar maganin HIV. Wance tana da ciki. Wancan yana ganin likitan ƙwaƙwalwa. Kar ka ce min ba ka ambaci suna ba, ai ka faɗi shekarunsa da sana'arsa, duk mai saurare ya gane.

Ka san abin da ke biyo baya? Mai tarin fuka yawanci yana buƙatar wata 6 yana shan magani ba fashi. Ya ji labarinsa a waje, kunya ta hana shi dawowa, ya yanke maganin. Cutar na iya dawowa ta bijire wa magani, ya kuma shafa wa iyalinsa. Hirarka ta minti biyu ce ta jawo. Wa zai ɗauki wannan alhaki?

Alkawarin likitoci da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara tsarawa a Geneva a 1948, yau yana ɗaure likita da riƙe sirrin majinyaci har bayan mutuwarsa. Kai ko rantsuwar ba ka kai ga yi ba, ka fara cin amanar. Mu kuwa tun muna yara muka san alkawarin da aka yi wa wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa, muka san alamar wanda ake ba amana ya ci.

Don Allah ka goge hoton nan. Yanzu, kafin ka ajiye wayar. Ke ma ƙanwata, abin da kika karanta a katin mutum ki bar shi a can. Don Allah ku goge.

Ya Allah ka rufa mana asiri duniya da lahira, ka ba marasa lafiyarmu lafiya.