Alhaji da Baƙin Salatif

Alhaji Tanko ya kutso sana'iyyar Jidda, wato unguwar makanikai, da Toyota Previa ɗinsa ta 2004, wadda ta fi shi sanin hanyar Makka. An kayar da ita a fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, ga istimara, takardar rajistar motar, ta kusa ƙarewa. Ya tarar da babban makaniki, Mu'allim, da yaronsa Auta.

ALHAJI: Mu'allim, motata lafiyarta ƙalau. Hassada ce kawai irin ta masu fahas.

MU'ALLIM: To me ya kawo mai lafiya asibiti? Auta, leƙa min allon fitilu.

AUTA: Mu'allim, ba a ganin allo. Baƙin salatif ne har hawa uku.

ALHAJI: Kai yaro, kar ka taɓa! Shekara biyu fitilun nan suna kashe min ido da dare. Tunda na rufe su muke zaune lafiya.

Auta ya ɓare. Allon ya haska kamar titin Tahliya daren salla.

MU'ALLIM: Wannan ruwan ɗorawar mai ABS, in ita kaɗai ce, birkinka na kamawa, amma na'urar ABS da ke hana taya kullewa ta ajiye aiki. Ka taka da ƙarfi a jiƙaƙƙen titi, tayoyi su sandare, sitiyari ya zama ado.

ALHAJI: Sau nawa ake ruwa a Jidda?

MU'ALLIM: Yashin da iska ke watsowa kan kwalta fa? Amma ja ɗin nan ce ta fi tayar min da hankali. Ko birkin hannu bai sauka ba, ko man birki ya yi ƙasa. In suka kama tare, ko akuya ban yarda ka ɗauka ba, balle masu Umra.

AUTA: Man ya sauka ƙasa da layin MIN.

ALHAJI: Mafi mushkila, ba matsala. Akwai ragowar man sitiyari a but, a ƙara.

MU'ALLIM: Inna lillahi! Wannan zai kumbura duk robobin birki. DOT 3 aka rubuta a murfin, shi za a zuba. Kuma man birki ba ya ƙonewa, Alhaji. In ya ragu, ko yoyo ne, ko takalman birki sun cinye. Da sun kai milimita 3 ake canzawa. Naka, ga shi, ƙarfe ne ke gaisawa da ƙarfe.

ALHAJI: Shekara talatin ina tuƙi. Tun kana goye nake hawa Taif.

MU'ALLIM: Hawa ba wuya, saukowar ce.

ALHAJI: Ni wani makaniki ya ce famfon ABS ne ya mutu gaba ɗaya, in je tashlih na Briman, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, in sayo wani.

(Ai ka san su. Ko tari mota ta yi, sai su ce a canza famfo, ba su ko durƙusa sun duba waya ba.)

ALHAJI: Sai na sayi na'urata a intanet, na jona, ba ta nuna matsala a birki ba. Ka ga mu biyu ke nan, ni da kwamfuta.

MU'ALLIM: Mai arahar nan laifin inji kawai take karantawa, lambobin da ke farawa da P. Na birki da C suke farawa, ba ta jin yarensu. Auta, fara da batir da fis.

AUTA: Fis lafiya. Batir 12.6 a kashe, 14 in an tayar.

MU'ALLIM: To ba ƙarancin wuta ba ne, don batir mai rauni ma yana kunna fitilar. Kawo guntun waya. Soket ɗin nan na ƙarƙashin sitiyari mai rami 16, a Toyota irin wannan sai a haɗa rami na 4 da na 13, a murɗa makulli ba a tayar ba, a ƙirga ƙyaftawar fitila.

AUTA: Uku... ta tsaya... biyu.

MU'ALLIM: 32. Sansar da ke auna gudun tayar gaba ta hagu ce. 31 ta dama ce, 33 da 34 na baya.

ALHAJI: Ni biyar na ƙirga.

MU'ALLIM: Ba kuɗin fasinja ba ne, ba a tarawa.

Aka ɗaga da jak, aka cire taya, aka kwance noti da sifana mai lamba 10. Sansar ta fito da gemun garin ƙarfe, don bakinta maganaɗisu ne. Auta ya goge ta, ya haska zoben nan mai haƙora da take ƙirgawa, ba wanda ya karye. Sai aka ɗora mita.

MU'ALLIM: Om dubu da 'yan kai, daidai ke nan. Amma dubi, da na motsa wayar sai lambar ta ɓace. Ta tsinke a ciki, a inda take lanƙwasa in an karya kwana. Wa ya ɗaure ta da igiyar buhu?

ALHAJI: Lilo take yi, na taimaka mata.

Aka sa sabuwar sansa da takalma, bayan cinikin da ya kai su har kiran la'asar. Mu'allim ya mayar da guntun wayar, ya taka birki sau takwas da sauri-sauri, lambar ta goge. Aka zare wayar aka kunna, fitilar ta yi daƙiƙa uku ta mutu da kanta. Alhaji ya fita gwaji. Ko minti goma ba a yi ba sai ga shi.

ALHAJI: Kun lalata min mota! Na taka da ƙarfi a kan yashi, birki yana karkarwa a ƙafata kamar mai zazzaɓi!

MU'ALLIM: ABS ɗin ne ya koma bakin aiki. In ka ji haka kar ka ɗaga ƙafa, ƙara dannewa.

ALHAJI: Da can shiru yake yi, da ladabinsa.

AUTA: Alhaji, saura fitilar inji, ita har yanzu tana kunne.

ALHAJI: Wannan tsohuwar zuma ce, da ita na sayi motar. Ina ka jefar min da salatif?