Don yarinya ta iya karatu, sai a sayo mata littattafan aji huɗu?

Ƙanwata ce ta turo min saƙon murya a WhatsApp da daddare, wai "Yaya don Allah wane aji zan sayo mata, ni fa kaina ya kulle." Ɗiyarta shekara shida da 'yan watanni. Tun da kuɗin makaranta ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin mai a 2023 suka yi lissafi ita da maigidan suka ga ba za ta ɓulle ba, ita kuma dama tana da NCE tana zaune a gida, sai ta ce bari ta riƙa koyar da ita da safe, da yamma ta tafi islamiyya tare da yaran unguwa. Toh matsalar, in ma matsala ce, yarinyar nan karatu take kamar ba gobe. Kwalin magani, rubutun bayan adaidaita sahu, labaran da ke wucewa a ƙasan talabijin, babu wanda take bari. Da uwar ta je shagon littattafai ta yi wa mai shagon bayani sai ya ce ai Hajiya wannan 'yar aji huɗu ce, ya haɗo mata set guda, Turanci da lissafi da kimiyya da sauransu, ya ce ta kwashe gaba ɗaya zai mata ragi.

Ni dai na ce kar ta saya tukuna, zan zo ranar Asabar.

Na yi shekaru ina koyarwa a firamare kafin in bari, don haka ba wani abin mamaki na je yi ba. Na ba yarinyar shafi ɗaya daga littafin Turancin aji huɗu, wallahi ta karanta shi tiryan-tiryan kamar mai karanta labarai a rediyo, har da tsayawa a inda aka sa aya. Uwar tana gefe tana kallona irin kallon "ka gani ko". Sai na rufe littafin na ce da Hausa, to 'yar Kawu ba ni labarin, me ya faru? Ta kawo rabi. Labarin wani manomi ne da ya jinginar da gonarsa, kalmar jinginar ta furta ta daidai ba tuntuɓe amma ba ta san me ake nufi ba, kuma duk labarin a kan kalmar nan ya rataya, shi ya sa ba ta gane dalilin kukan da mutumin yake a ƙarshe ba. Na ce ta rubuta min jimla uku a kan abin da ta ci da safe. A layi na biyu ta ajiye fensir ta ce Kawu hannuna ya gaji. Na ce a cire 7 daga 13, ta ƙirga yatsun hannu suka ƙare ta sunkuya kan na ƙafa.

To yanzu fisabilillahi wannan 'yar aji nawa ce? A furta kalmomi ta kai aji huɗu ko ma biyar. A fahimta tana wajen aji biyu zuwa uku. A rubutu da lissafi aji ɗaya take cif-cif, daidai shekarunta. A zaman wuri ɗaya kuwa minti ashirin in ta yi sai ka ga ta fara lilo da ƙafa tana leƙen ƙaninta. Yaro ba ya girma a jere kamar sojoji a fareti, wani ɓangaren ya yi gaba wani yana baya, kuma masu kaifin karatu su ne ma aka fi ganin wannan a jikinsu saboda ido da ƙwaƙwalwa sun yi nisa amma yatsun da za su riƙe fensir na ɗan shekara shida ne, ba yadda za ka yi da su.

Abin da mutane ke mantawa shi ne aji ba halitta ba ce. Dabara ce aka ƙirƙiro don malami ɗaya ya iya riƙe yara da yawa, a makarantun gwamnati namu ma sai ka tarar da yara 80 ko 100 a ɗaki guda, dole a jera su bisa shekaru a ba kowa abu ɗaya. Wanda yake koyar da ɗansa a gida babbar ribar da ya samu ita ce ya tsira daga wannan tilas ɗin. Sai kuma ya je kasuwa ya sayo tilas ɗin a kwali ya kawo gida da kuɗinsa? Ko a Amurka inda karatun gida ya zama ruwan dare, doka ta yarda da shi a duk jihohi 50, kamfanoni na sayar da manhaja a dunƙule ta aji kaza, iyaye da yawa rarraba ta suke, su ɗauki karatu daga sama lissafi daga ƙasa.

Mu kam ba ma sai mun leƙa Amurka ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san babu aji a can. Yara ashirin na zaune a zaure ɗaya, wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na kusa da shi ya yi nisa a izu, kowa da allonsa, ka biya wa malam in ya gamsu ya ce je ka wanke a ɗora maka gaba, in bai gamsu ba ka koma ko da kuwa sa'anka ya wuce ka da izu biyar. Ba wanda ke tambayar shekarunka. Sannan abin da ya fi burge ni, malaman nan sun raba tsakanin iya karantawa da iya ganewa tun kafin a zo mana da sunayen boko na abin. Yaro zai iya sauka yana ɗan shekara goma, tilawarsa ba gyara, amma ranar da zai fara karatun littattafai ba wanda zai ce tunda bakinsa ya faɗa a miƙa masa Risala. Daga ƙasa zai faro, su Ahalari da Ishmawi, sannan Iziyya, ana karantawa ana fassara masa kalma-kalma da Hausa. Ba raini ba ne, sun san harshe daban ciki daban. Ban ce komai na tsarin allo daidai yake ba, wannan zance ne na wata rana, amma a nan kam sun riga mu gaskiya.

Kuma abin dariya, manyan ƙungiyoyin ilimi yanzu sun dawo kan wannan. Tsarin nan da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, wanda aka kawo shi har Borno da wasu jihohin Arewa, ginshiƙinsa kenan, a gwada yaro a ga inda karatunsa ya tsaya a haɗa shi da irinsa, a manta da aji nawa aka rubuta masa a rajista. Su don yaran da aka bari a baya suka yi shi, amma hankalin ɗaya ne ga wanda ya yi gaba.

Kar kuma a fahimce ni a baibai. Akwai masu cewa a bar yarinya ta bi sa'anninta kawai, kar a ɗora mata, wasu ma har da cewa a daina bari tana karatu gaban baƙi saboda baki. Addu'a dai a yi ta, wannan ba gardama, amma ba na tare da masu cewa a danne ta. Na ga abin da hakan ke yi a aji. Yaron da ya iya karatu ka zaunar da shi wata tara yana rera haruffa da sauran yara, ko dai ya zama shi ne shugaban masu surutu ana ta zane shi a banza, ko kuma ya koyi wani mugun darasi, cewa makaranta wuri ne da ba sai ka yi ƙoƙari ba. Irin waɗannan su ne za ka ga sun zo SS1 sun haɗu da lissafin da ya fi ƙarfinsu karo na farko a rayuwa sai su rushe gaba ɗaya, don ba su taɓa sanin yadda ake fama da abu mai wuya ba. Kuma gaskiya akwai yaran da tsallaken aji ya yi wa amfani, waɗanda suka yi gaba a komai ba a karatu kaɗai ba, hankalinsu ma ya kai. Don irinsu aka yi makarantar haziƙai ta tarayya da ke Suleja da ta jihar Jigawa da ke Bamaina. Amma su ƙalilan ne, kuma ba mai shagon littafi ne zai tantance su a tsaye ba.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin tsallaken ajin da ake yi a garuruwanmu ba don yaron ake yi ba. Wani don ya rage kuɗin makarantar shekara ɗaya ne, wannan kam ina tausaya masa. Wata kuma don ta samu abin faɗa a gidan suna, "ai nawa shekararsa tara yana JSS1". Makarantun kuɗi da dama ma sun kashe aji shida gaba ɗaya, daga aji biyar wasu daga huɗu sai kwaman entaras, alhali tsarin ƙasa shekara shida ya ce a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba.

To bari mu yi lissafin da na yi wa ƙanwata a bayan kwali. In 'yar shekara 6 tana aji huɗu bana, tana 8 za ta gama firamare, tana 9 JSS1, tana 14 za ta zauna WAEC. Daga nan sai ina? Kowa ya tuna rigimar 2024 lokacin da ministan ilimi na wancan lokacin Tahir Mamman ya ce sai ɗan 18 zai shiga jami'a, aka yi ta cece-kuce, da magajinsa Tunji Alausa ya zo ya mayar da shi 16. Wanda bai kai 16 ba, a 2025 JAMB ta ce sai ya ci aƙalla 320 cikin 400 kafin ma a fara duba maganarsa a matsayin haziƙi na musamman. Kenan ko ta zauna a gida shekara biyu tana jiran shekarunta su cika, ko a je a yi rantsuwar ƙarya a ƙara mata shekaru, abin da yanzu ma ya yi wuya tunda sai da lambar NIN ake rajistar JAMB. Kun ga inda sauri ya haifi nawa. Kuma ko an samu ta shiga, wa zai kai 'yar shekara 14 hostel ya yi barci?

Sai wani abu da ba a cika magana a kai ba, kuma ni shi ya fi damuna. Yaron da ya iya karanta komai zai karanta komai. Wayar uwarsa, labaran garkuwa da mutane, nobel ɗin soyayya da ake turawa a guruf-guruf na mata shafi-shafi. Shekarunta shida amma ƙofar duniyar manya a buɗe take gare ta saboda ta riƙe makullin da wuri. Kuma a Hausa muna da wani babban giɓi, akwai littattafan koyon baƙi, irin waɗanda shirye-shirye kamar Mu Karanta suka samar a Bauchi da Sakkwato, akwai kuma littattafan manya, tsakiyar nan ta ɗan shekara bakwai zuwa goma da ya ƙware kusan wayam take. Marubutanmu kowa ya tafi soyayya. Don haka aikin uwa a nan ba neman littafi mai wuya ba ne kawai, neman mai wuyar kalmomi ne amma labarinsa na yara, dabbobi, taurari, tarihin garuruwa, ƙissoshin annabawa, yadda jirgi ke tashi. Shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da labarai kyauta har da na Hausa, an jera su mataki-mataki, ana iya saukewa a buga a shagon kwamfuta.

Abin da muka tsayar a ƙarshe ba wani mai tsada ba ne, bai ma kai kuɗin set ɗin can ba. Lissafi da rubutu ta sayi na aji ɗaya, in yarinyar ta cinye na lissafin a wata huɗu a ɗauko na gaba, ba sai an jira Satumba ba. Littafin Turanci na darasi ta ɗauki na aji biyu amma tambayoyin ta riƙa amsa yawancinsu da baki maimakon rubutu, don kar gajiyar hannu ta sa ta tsani abin da take so. Littattafan labari kuwa ba iyaka, a bar ta ta hau duk inda za ta iya. Na nuna wa uwar gwajin da muke yi a aji, a ba ta wuri mai kalma kamar 100, in ta yi tuntuɓe a fiye da 10 littafin ya mata nauyi a ajiye shi sai gaba, in ta wuce sumul kuma a rufe littafin a ce ta ba da labarin da Hausa, nan ne ake kama gaskiya. Na kuma ce ta nemi manhajar NERDC, hukumar da ke tsara abin da ake koyarwa a makarantun ƙasar nan, ta riƙa dubawa lokaci-lokaci, don dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 a wuyan iyaye ta ɗora karatun yaro na shekara tara ɗin farko, kuma ko ba daɗe ko ba jima yarinyar za ta koma aji ta zauna jarrabawa da sauran yara, gara a san ba a tsallake komai ba.

Uwar dai ba ta ji daɗi sosai ba, na gani a fuskarta, ta riga ta faɗa wa ƙawayenta maganar aji huɗu. Shekaranjiya ta sake turo min murya, wai mutuniyar taka ta gama labarai goma sha ɗaya, yanzu ita ke karanta wa ƙaninta kafin ya yi barci har da canza murya in an zo wajen kura, amma har yau in za ta rubuta b sai ta juya ta ta koma d, wai Yaya ko dai akwai matsala ne. Na ce mata shekararta shida, ki ƙyale ta.